Darasi: Robar Taya da Kogi Mai Gudu

A wasu ƙasashe, musamman Amurka, akwai wani wasan shaƙatawa da ake yi idan zafi ya kankama. Mutum zai samo robar nan ta cikin tayar babbar mota, wadda masu faci ke kira tub, ya hura mata iska, ya zauna cikin raminta ƙafafu da hannaye a waje, ya saki jiki kogi ya yi ta tafiya da shi na awa biyu ko uku. Babu inji, babu filafili, babu wani horo da ake nema. A garin New Braunfels na jihar Texas, kogin Comal da na Guadalupe kan cika maƙil a ranakun hutu, har idan ka tsaya kan gada robobi kake gani maimakon ruwa. Kamfanoni ne ke ba da hayar robar, su kai mutum bakin ruwa a mota, su kuma je su jira shi a inda zai fito. A ƙasar Laos ta kudu maso gabashin Asiya, wani ƙaramin gari mai suna Vang Vieng ya yi suna a duniya da wannan wasa a kan kogin Nam Song. Sauƙin abin ne ya jawo masa farin jini, kuma a cikin sauƙin nan haɗarinsa yake kwance. Abin da wannan darasi zai tsaya a kai shi ne: wanda ya hau roba ya riga ya miƙa wa kogi linzami, don haka kusan duk shawarar da za ta dawo da shi gida lafiya a kan tudu ake yanke ta, kafin ƙafa ta taɓa ruwa.

A fara da ita kanta robar. Kwale-kwale yana da gaba da baya, yana da filafili, mai tuƙi na iya kauce wa dutse, ya tsaya, ko ya juya ya nufi gaɓa. Roba kuwa zagayayya ce, ba ta san gaba ba balle baya. Ruwa kan yi ta juya ta, har mutum ya wayi gari ya ba wa inda ya dosa ƙeya. Hannayensa da ƙyar suke taɓa ruwa, kuma ko ya yi ta kaɗa su, abin da zai iya bai wuce ya ɗan karkata hagu ko dama ba. Ba a ɗaure take a jikinsa ba, kuma bai kamata a ɗaure ta ba. Da zarar ta kife, iska da ruwa sun yi gaba da ita, gudun da ba mai iyon da zai cim mata. Ƙari a kan haka, tsinin reshe ɗaya ko tsohon faci da ya gaji ya isa ya sace mata iska cikin ɗan lokaci. Mutane da yawa na ɗaukar robar a matsayin abin tsira daga nutsewa, alhali abin zama ce kawai, mai amfani muddin kana kanta. A daidai lokacin da aka fi buƙatar abin da zai ɗaga mutum sama, wato bayan ya faɗo, ita ta riga ta yi nisa.

Sai shi kogin. Ido na auna ruwa da fuskarsa, fuskar kuwa ba ta faɗin gaskiya. Ruwan da zai cika akwati mai mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa kilo 1,000 ne, kuma kogi ko ƙarami ne yana turo irin wannan da yawa cikin kowace daƙiƙa. Ƙarfin da yake tura abu da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunsa: idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin turawa ya ninka sau huɗu. Shi ya sa hukumar hasashen yanayi ta Amurka take gargaɗin cewa ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato bai fi idon sawu da yawa ba, yana iya kayar da babban mutum. Muddin kana tafiya tare da ruwan ba za ka ji wannan ƙarfi ba, domin kai da shi gudunku ɗaya. Sai ka tsaya, ko wani abu ya tsayar da kai, sannan kogin gaba ɗaya ya hau kanka.

Abubuwan da ke tsayar da mutum su ne masu kisa. Na farko bishiyar da ta faɗa ruwa, ko tarin rassa da saiwoyi da ke taruwa a bayan kwana, inda ruwa ya fi gudu kuma ya fi cin gaɓa. Irin wannan wuri kamar rariya yake: ruwa ya wuce, abin da ya ɗauko ya maƙale. Roba kan kife a nan, ruwa ya danna mai ita cikin rassa ya riƙe shi a ƙasa, kuma ƙato ma ba ya iya ture kansa daga irin wannan matsi. Na biyu ya fi ban takaici, domin abin da hankali ke ba mutum ne yake jefa shi ciki. Wanda ya faɗo daga roba, abin da zai fara yi shi ne neman ƙasa da ƙafa. Idan ƙafar ta shige tsakanin duwatsu biyu, ruwa zai tura gangar jikinsa gaba, ya kifa shi rub da ciki, ya nutse a wurin da ruwan bai kai ƙugu ba. Masu koyar da ceto a koguna suna nanata cewa kada a miƙe tsaye a ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa. Sai dai mutum ya kwanta rigingine, ƙafafu a sama suna fuskantar inda ruwa ya nufa don su tokare dutse, yana ja da hannu a karkace har ya isa inda ruwa ya lafa. Wannan ilimi ne da ba a koyonsa a tsakiyar kogi. Wanda bai shigo da shi ba, ba zai ƙirƙiro shi cikin firgici ba.

Akwai kuma ƙananan madatsun ruwa, waɗanda ake gina su a gicciye daga wannan gaɓa zuwa waccan, ruwa na malalowa ta kansu. Ba su da tsawo, wasu ba su kai tsayin mutum ba, kuma daga sama ba a ganinsu, musamman ga wanda ke zaune dab da fuskar ruwa. Abin da zai hango kawai wani layi ne miƙaƙƙe inda kogin ya yi kamar ya yanke. A gindin madatsar, ruwan da ya faɗo yakan nutsa ƙasa, ya taso, ya sake komawa baya wajen bangon, yana juyi ba tsayawa. Duk abin da ya shiga wannan juyi zai yi ta nutsewa yana tasowa a wuri guda, kuma ruwan cike yake da kumfa, ba ya ɗaga jiki kamar ruwan da aka saba. A ranar 16 ga Yuni, 2021, mutum 9 'yan dangi ɗaya suka hau robobi a kogin Dan kusa da garin Eden a jihar Carolina ta Arewa, suka faɗa ta kan wata madatsa mai tsayin kusan mita 2.5 da ke kusa da tashar wutar lantarki. Mutum 5 suka rasu, har da yaro ɗan shekara 7. Sauran 4 sun kwana a gindin madatsar suna riƙe da abin da hannu ya kama, sai washegari da rana wani ma'aikacin tashar ya hango su. Abin lura a nan shi ne ba ambaliya aka yi ba, ba kuma wani abin mamaki ne ya faru ba. Madatsar tana nan shekara da shekaru. Tambaya guda da za a yi a kan tudu, wato me ke gabanmu kuma a ina za mu fita, ita ce ta fi duk wata dabarar da za a yi bayan an hango layin.

Ko wanda ya san hanyar ma bai gama ba, domin kogin jiya ba shi ne na yau ba. Ruwan sama da aka tafka a kan tsaunuka masu nisa kan iso wurin da rana ke haskawa tar. A ranar 4 ga Yuli, 2025, kogin Guadalupe ɗin nan da aka ambata ya tashi da kusan mita 8 cikin minti 45 a yankin Kerr, kuma ambaliyar ta ci mutum fiye da 130. Waɗannan ba masu hawan roba ba ne, da yawansu barci suke yi a gaɓa, amma labarin ya nuna irin saurin da kogi ke sauya hali. Inda kuma akwai babban dam a sama, yawan ruwa ya dogara ne da hannun wanda ke buɗe ƙofa. A Amurka hukumomi na wallafa ma'aunin gudun koguna a intanet, kamfanonin haya kuma kan dakatar da aiki idan ya wuce wani mizani. Mutanen da ke zaune ƙasa da Kainji, Jebba, Shiroro, Tiga ko Goronyo sun san wannan al'amari ba a littafi ba, haka mazauna gaɓar Binuwai duk lokacin da aka saki ruwan Lagdo daga Kamaru. A nan gida ba a mai da robar taya sana'ar yawon buɗe ido ba, amma yara da samari na wasa da ita a koguna da kududdufai, kuma ma'aunin da ke hannunsu shi ne bakin masunta da Sarkin Ruwa. Idan ruwa ya sauya launi ya koma jaja-jaja, ko ya fara ɗauko kara da itace, magana ta ƙare: ranar ba ta shiga ba ce.

Wani zai ce duk wannan na waɗanda ba su iya ruwa ba ne, shi gwani ne. An daɗe ana cewa gwani ruwa ke ci, kuma akwai dalili. Iya iyo na aiki ne idan mutum yana cikin hayyacinsa, hannu da ƙafa a sake, numfashi a daidai. Kogi kuwa yakan fara ne da ƙwace ɗaya daga cikin ukun. Wanda ya buga kai da dutse ba ya iyo. Wanda ya faɗa ruwa mai tsananin sanyi, kamar wanda ake sakowa daga ƙasan dam, jikinsa kan zuƙi numfashi da ƙarfi ba da saninsa ba, kuma idan kansa na cikin ruwa a wannan lokaci, ruwa ya zuƙa. Sanyin kan kuma kashe gaɓoɓi tun kafin mutum ya ji ya gaji. Rigar ceto, wadda aka ɗaure daidai jiki ba wadda aka ajiye kan cinya ba, ita ce kaɗai abin da ke ci gaba da aiki bayan mai ita ya daina. Ba ta maganin bishiya ko madatsa, kuma kuskure ne a ce tana yi. Amfaninta shi ne ta sayo wa mutum lokaci har taimako ya zo. Mai musu na iya kawo misalin Argungu, inda dubban masunta ke faɗawa kogin Matan Fada da gora da homa, ba wanda ya sa riga. Misalin gaskiya ne, sai dai ba ya tare da mai kawo shi. Waɗannan mutane ne da suka tashi cikin ruwa, a wuri guda sananne, a lokacin rani da ruwa ya ja baya, bayan masu kula da kogin sun duba shi, ga kwale-kwale na kewayawa, kuma idan aka ba da alama kowa ya fito. Tsari ne mai ƙarfi, ko da baƙo ba ya ganinsa.

Babu inda aka ga abin da rashin tsari ke haifarwa kamar Vang Vieng. Wasan ya faro ne a ƙarshen shekarun 1990 a matsayin hutun ma'aikatan wata gona da ke bakin kogi. Cikin shekara goma sai ya zama abin da ke kawo matasa daga Turai da Ostareliya. Gidajen giya na katako suka jeru a gaɓa cikin 'yan kilomitoci kaɗan, ana jefa wa masu wucewa igiya a jawo su ciki, ana sayar da barasa a bokiti, wasu wuraren har da kayan maye. Aka kafa igiyoyin lilo da dandamalin tsalle a kan ruwan da zurfinsa ke sauyawa tsakanin damina da rani, inda wurin da aka yi tsalle lafiya wata uku baya ya koma dutse. A shekarar 2011 kaɗai asibitin garin ya ƙirga gawar baƙi 27, wasu sun nutse, wasu sun fasa kai. A 2012 gwamnatin Laos ta rufe gidajen, ta rushe lilon. Kogin Nam Song bai sauya ba a duk tsawon wannan lokaci. Abin da ya sauya shi ne halin da mutane ke shiga cikinsa. Maye yana rage wa mutum tsoro a daidai lokacin da yake rage masa iyawa, kuma wannan hukunci bai tsaya kan giya ba. Wiwi, kodin da tramol duk aiki ɗaya suke yi a bakin ruwa.

A nan ne musu mafi nauyi yake, kuma ya cancanci a saurare shi. Baligi ne, kuɗinsa ne, ransa ne. Me ya kai hukuma ciki? Kuma rufe gidajen Vang Vieng ya taɓa abincin talakawa, domin hayar robobin ƙungiyar haɗin gwiwa ta ƙauyukan yankin ce ke gudanar da ita, kuma baƙi sun ragu sosai bayan rufewar. Wannan asara ce ta gaske, ba a share ta da magana. Amma batun rai nawa ne bai tsaya da ƙafarsa ba. Wanda ya faɗa ruwa ba ya nutsewa shi kaɗai cikin sirri: abokinsa zai bi shi, ko wani mai wucewa, kuma sau da yawa mai ceton ne ba ya dawowa. Akwai masu kwale-kwalen da za su kwana neman gawa, akwai mutanen ƙauyen da ke wanka da wanki da kamun kifi a ruwan. Ga yara kuwa maganar zaɓi ba ta taso ba sam, wani ne ya zaɓa musu. Game da kasuwa, abin da ya biyo baya a Vang Vieng ya nuna ba wasan aka kashe ba. Ya dawo da ƙa'idoji da gidaje 'yan kaɗan, garin kuma ya koma jawo wasu irin baƙi masu zuwa kallon tsaunuka da koguna da kogwanni. A ganina mai ba da hayar roba ya fi kowa alhaki, domin shi ya san kogin, baƙon bai sani ba. Wanda ya karɓi kuɗin mutum bai faɗa masa inda zai fita ba, bai ba shi riga ba, ko ya ga yana tangaɗi ya miƙa masa roba, ba zai fake da cewa ai kowa da hankalinsa ba.

Alhakin bai tsaya kan rayuka ba, ya haɗa da kogin da masu shi. Dubban mutane a rana, kowa da gwangwani da leda, abin da roba ta kifar kuma ƙasan ruwa yake tafiya. Mutanen New Braunfels sun gaji da tsamo tarin shara, sai a Nuwamba 2011 suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da dokar hana shiga kogi da duk wani mazubin da ake yarwa bayan amfani. Masu sana'ar haya da na sayar da abin sha suka kai ƙara, wata kotu ta soke dokar a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta buɗe hanyar dawo da ita a 2017. Shekara shida ana ja-in-ja kan gwangwani, abin da ke nuna cewa ko a ƙasar da ke da ma'aikata da kuɗi, ba a barin tsabtar kogi ga kirkin kowa. Kwalba ta fi muni, domin fasasshiyarta na jiran tafin ƙafar wani. Gaɓar ma galibi gonar wani ce ko bayan gidansa. Kogi shi ma yana da abin da yake bai wa mai shigarsa: a ƙasashenmu ruwan da ya kwanta cikin ciyayi gidan ƙananan katantanwa ne masu ɗauke da tsargiya, kuma a wasu sassan Neja da Binuwai akwai dorina da kada, waɗanda ba a tunkararsu da ƙafafu na reto cikin ruwa.

Saura mai cewa idan kwana ya ƙare ba rigar da za ta hana. Babu mai jayayya da ajali, amma malamai sun sha bayyana cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, kuma mai wannan magana da kansa yakan duba hagu da dama kafin ya tsallaka titi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka nutse a shekarar 2021, fiye da kashi 90 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Ba a ƙasashen masu hawan roba don nishaɗi aka fi mutuwa ba, a ƙasashen da babu riga, babu gargaɗi, babu mai ceto ne. Wannan bambanci aikin mutane ne. Shi ya sa a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa, shi ya sa kuma hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Najeriya ke ta fama da fasinjojin kwale-kwale kan sanya riga.

Idan duk da haka abin ya faru, akwai abubuwan da na kan tudu ya kamata ya sani. Mai nutsewa ba ya ihu ko ɗaga hannu yadda ake nunawa a fim. Bakinsa na shiga ruwa yana fita, ba shi da numfashin kira, kuma cikin abin da bai kai minti ɗaya ba yana iya ɓacewa. Don haka a ƙirga juna a kai a kai, babba kuma ya kasance inda hannunsa zai kai ga yaro. Kada a ɗaure igiya a ƙugu ko a wuyan hannu, domin igiyar da ta sarƙe a reshe ita ce za ta riƙe mutum a ƙasa. Mai son ceto ya fara da miƙa gora ko sanda yana kwance a gaɓa, ko ya jefa igiya, roba, ko jarkar da babu komai ciki an rufe bakinta. Shiga ruwa shi ne zaɓi na ƙarshe, kuma na wanda aka horar ne, saboda mai nutsewa kan maƙale duk wanda ya iso gare shi. Bayan an fito da mutum, a bar al'adar nan ta danna ciki ko ɗaga shi ƙafa sama don ruwa ya zubo. Ɓata lokaci ce, tana kuma iya jawo amai ya toshe hanyar iska. Idan ba ya numfashi, iska yake buƙata: a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓa, a hura masa numfashi, sannan a ci gaba da danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hurawa sau 2, har ya farfaɗo ko ma'aikatan lafiya su karɓa. Ko ya tashi yana magana a kai shi asibiti, domin huhun da ruwa ya shiga yana iya rikicewa bayan wasu awoyi.

Aikin aji: Ku zaɓi kogi ko rafin da ya fi kusa da garinku. Ku tambayi masunta ko masu fito wuraren da ruwa ya taɓa cin mutane, da watannin da hakan ya fi faruwa, da ko akwai dam ko ƙaramar madatsa a sama ko a ƙasa da ku. Ku zana taswirar wurin a takarda, ku sa alama a duk inda aka ambata, ku kawo ta darasi na gaba.